Ta jijiya aka zuba shi, a ƙashi ya sauka

Tun da aka dawo da ɗan Yayana daga Indiya, duk wadda ta shigo gidanmu na Mabera yin barka da arziki, tabon aiki idonta ke nema. An ce an yi wa yaro dashen ɓargo saboda ciwon sikila, to ai dole an fasa ƙashi, an kwashe na da, an ɗura sabo, an ɗinke. Wata ƙawar Inna har cewa ta yi a ɗaga masa riga ta gani. Aka ɗaga. Ba komai sai ɗan ƙaramin tabo a ƙirji, ƙasa da ƙashin wuya, inda aka taɓa sa masa robar da ake ba shi magani ta ciki. Wadda ma aka shiga ɗakin tiyata da ita ƙanwarsa ce, mai lafiyar. Ita aka sa barci, aka kifa ta, aka riƙa soka allura a bayan ƙashin ƙugunta ana zuƙo ɓargo. Ta yi 'yan kwanaki tana tafiya a karkace, ta warke, jikinta ya mayar da abin da aka ɗiba cikin makonni.

Shi kuwa, ranar da likitocin ke kira rana ta sifiri, yana zaune bisa gado yana wasa da wayar babansa aka rataya masa leda, ja, ba ka bambanta ta da ledar ƙarin jini. Ta ɗiga ta ɗiga ta ƙare. Shi ke nan dashen. Yaya ya kira mu ta bidiyo muna gani, Inna ta matso da fuskarta dab da wayar, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo wajena.

"Wai ke Malama, abin ga da anka zuba mai ga jijiya, wa yag gaya mai ya tai cikin ƙashi? In ya ɓace hwa?"

Malama take ce mini idan tana son ta ƙure ni, don bayoloji nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a nan cikin gari. Littafin da muke karantar da yara ya tsaya ne a kan cewa ɓargo ke yin jini. Batun tafiya daga jijiya zuwa ƙashi ba ya ciki. Tambayar Inna ce ta sa ni zaman karatu da dare duk tsawon lokacin da suke asibiti, kuma abin da na tarar ya fi ba ni mamaki a kan labarin fasa ƙashin.

Kowa ya san ɓargo, ko don ƙashin miya. Sai dai wanda muke tsotsa daga ƙafar saniya yawanci kitse ne. Mai yin jinin shi ne jan, kuma a jikin babba yana cikin ƙashin ƙugu, da ƙashin ƙirji, da haƙarƙari, da ƙashin baya, da ƙoƙon kai, da kawunan dogayen ƙasusuwa. A jikin ƙaramin yaro kusan duk ƙashi yana da shi. Jajayen ƙwayoyin jini kimanin miliyan 2 yake fitarwa a kowace daƙiƙa. Ta mai lafiya tana kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum yaron yake cikin ƙarancin jini, idonsa ɗorawa-ɗorawa. Duk wannan tulin, da ja da fari da masu daskarar da jini idan an ji rauni, daga wasu 'yan tsirarun ƙwayoyi suke fitowa, waɗanda zan kira ƙwayoyin tushe. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2018 ya ƙiyasta cewa waɗanda ke aiki a jikin babban mutum tsakanin 50,000 ne zuwa 200,000. Su ake nema a dashe. Sauran abin da ke cikin ledar rakiya ce kawai. Likitoci na ƙirga su da wata alama da ke jikinsu mai suna CD34, kuma ba su son adadin ya gaza miliyan 2 a kowane kilo na nauyin majinyaci, ko da yake a cikin masu wannan alamar ma na ainihin kaɗan ne.

Ba don sikila aka faro abin ba. Bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki a 1945 aka ga cewa tururin nukiliya ɓargo yake fara kashewa, sai masana a Amurka suka duƙufa kan ɓeraye. A 1949 Leon Jacobson a Shikago ya gano cewa idan aka rufe saifar ɓera da dalma kafin a haska shi da irin wannan tururin, yana rayuwa. A 1951 Egon Lorenz ya nuna cewa ɓeran da aka haska, idan aka yi masa allurar ɓargon ɗan'uwansa, shi ma yana tashi. Aka yi ta gardama: wani sinadari ne a cikin ɓargon ke farfaɗo da na ɓeran, ko ƙwayoyin da aka zuba ne suka je suka zauna? A 1956 aka raba gardamar a Ingila, da aka ga alamar ɓeran da ya bayar a jikin ƙwayoyin jinin wanda ya karɓa. A 1957 Donnall Thomas ya zuba wa mutum shida ɓargo ta jijiya. Ba wanda ya warke a cikinsu, amma bai bari ba, har ya karɓi kyautar Nobel a 1990. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kusan shekara 40 aka yi ana zuba wa mutane ɓargo ta jijiya, ana ganin yana isa, ba tare da an san sunan abin da ke jan sa ba. Sai a shekarun 1990 aka fara kama bakin zaren.

To ga yadda tafiyar take. Robar nan ta ƙirji a babbar jijiya take, dab da zuciya. Ƙwaya na fita daga leda sai ɓangaren dama na zuciya, daga nan huhu, ta dawo ɓangaren hagu, a harba ta cikin babbar jijiyar da ke raba jini ga jiki duka. Daga nan ba ta da zaɓi. Inda jini ya kai ta, nan ta je: ƙoda, hanji, fata, ƙwaƙwalwa, tafin ƙafa. Kaso kaɗan ne na jinin kowane bugu ke bi ta cikin ƙashi. Amma jini na kewaye jiki cikin kamar minti ɗaya, don haka wadda ta wuce ta ƙoda yanzu, an jima kaɗan za ta sake dawowa zuciya a sake jefa ta wani wajen. Ba hango ƙashi take yi daga nesa ta nufe shi ba. Kewayawa take ta yi har Allah Ya sa ta faɗa jijiyar da ke shiga ƙashi, kuma a nan ne kaɗai aka tanadi abin da zai riƙe ta.

Wanda ya taɓa tsallake gulbin Rima cikin kwale-kwale a tsakiyar damina zai gane sauran. Muna yara ana kai mu wajen kakarmu can yankin Wamakko, kuma na sha ganin yadda mai jirgi ke tsayawa idan ruwa ya cika. Ba ya iya tsaida jirgi cak a tsakiyar gudu. Sai ya karkata zuwa gefen da ruwa ya yi faɗi ya lafa, ya miƙa hannu ya damƙi ciyawar bakin gaɓa, ta suɓuce, ya damƙi ta gaba, ita ma ta suɓuce, amma kowace damƙa tana rage gudun. Sai jirgi ya kusa tsayawa sannan ya kafa gorarsa, ya ɗaure igiya, mutane su haura tudu.

A cikin ɓargo, ƙananan jijiyoyin suna buɗewa su yi faɗi, bangonsu siriri ƙwarai, jini na tafiya a hankali. Wannan shi ne inda ruwa ya lafa. A jikin bangon akwai wasu ƙananan ƙugiyoyi na furotin da ake kira selektin. A yawancin sassan jiki ba sa fitowa sai wuri ya kumbura ko ƙwayar cuta ta shiga, amma a jijiyoyin ɓargo kullum suna nan a miƙe. Ita kuma ƙwayar tushe, a bayanta akwai wasu zarurruka masu ɗigon sukari a kai, waɗanda suka dace da ƙugiyoyin. Ta kama, ta saki, ta kama na gaba, sai ta koma mirgina a jikin bango maimakon gudu. Ba zato ba ne wannan. A 1998 masana a Jami'ar Harvard sun leƙa ɓargon ƙoƙon kan ɓera mai rai da madubin ƙara girma, suka ga ƙwayoyin suna mirginawa da idonsu.

Tana cikin mirginar ne take haɗuwa da babban mai kiran. Ƙwayoyin da ke zaune daram cikin ɓargo, waɗanda su ba jini suke yi ba, kula da wurin ne aikinsu, suna fitar da wani sinadari mai suna SDF-1, wasu littattafan kuma CXCL12 suke rubutawa. Yana da yawa a cikin ɓargo, har yana fitowa ya manne a fuskar bangon jijiyar. A jikin ƙwayar tushe akwai abin karɓarsa, CXCR4. Da zarar sun haɗu, saƙo ya shiga cikin ƙwayar, sai wasu furotin da ke lanƙwashe a bayanta, intagirin, su miƙe nan take. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne VLA-4, wanda ke damƙar abokinsa VCAM-1 a jikin bango. Wannan damƙar ba ta suɓucewa. An ɗaure igiya ke nan. Ƙwayar da ɗazu take dunƙule sai ta baje, ta rarrafa, ta nemi tsakanin ƙwayoyin bango biyu, ta saki wasu sinadaran da ke narkar da shimfiɗar da ke ƙarƙashinsu, ta matse jikinta ta ratsa. Da ta shiga, sai ta riƙa bin inda SDF-1 ya fi kauri, har ta kai gurbinta.

Wani masani a Manchester, Ray Schofield, shi ya fara cewa a 1978 lalle ƙwayar tushe tana da gurbi na musamman, kuma in ta bar shi ba ta daɗewa a matsayin tushe. Yanzu an san yawancin gurabun suna manne da waɗannan jijiyoyin masu faɗi, inda ƙwayoyin da ke kula da wurin ke ba ta wani sinadarin da ke raya ta, su kuma riƙe ta da irin igiyoyin da suka tsaida ta tun farko. Duk tafiyar, daga leda zuwa gurbi, awoyi ce, in ta yi tsawo kwana ɗaya zuwa biyu. Hujjar cewa CXCR4 ne jigon abin ta fito ƙarara a 1999, lokacin da ɗakin binciken Tsvee Lapidot a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila ya toshe shi a jikin ƙwayoyin mutum kafin a zuba wa ɓeraye, dashen ya ƙi kamawa.

Tsoron Inna kuwa yana da tushe. Da yawa suna ɓacewa. Wasu su maƙale a huhu, wasu a hanta, wasu a saifa, kuma waɗanda ke isa ɓargo ba su ne mafi rinjaye ba. Dalilin da ya sa ake zuba su da yawa ke nan. Da na faɗa mata haka, sai ta ce, "To mi ya hana su soka mai cikin ƙashin kai tsaye, su huta?" Wannan ma an gwada. Likitoci a Jenowa ta Italiya sun wallafa a 2008 cewa sun riƙa ɗura ƙwayoyin jinin cibiya kai tsaye cikin ƙashin ƙugu, don jinin cibiya ba shi da yawa kuma ba a son asara. Ya yi aiki, amma bai ture hanyar jijiya ba. Ko da an zuba a ƙugu, ai sai sun shiga jini kafin su isa haƙarƙari da ƙashin baya.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali a duk karatun shi ne gane cewa wannan tafiya ba baƙuwa ba ce a wajensu. Ɗan tayi ba a ƙashi yake fara yin jini ba, don a lokacin ma ba shi da ƙashin. Ƙwayoyin tushe na farko suna ɓullowa ne daga bangon babbar jijiyarsa a wajen mako na biyar, su bi jini zuwa hanta, su yi ta hayayyafa a can, sannan daga wajen wata na uku su fara ƙaura zuwa ƙashi. Ni da ke da ke karanta wannan, duk an yi wannan ƙaurar a jikinmu tun muna ciki. A 1996 Takashi Nagasawa a Japan ya samar da ɓerayen da ba su da SDF-1 sam: hantarsu ta yi jini, amma ɓargonsu ya zauna kusan fayau, ba su rayu ba. Bayan haihuwa ma ba a daina ba. A 2001 masana a Stanford sun haɗe jinin ɓeraye biyu, suka tarar ƙwayoyin tushen wannan sun je sun zauna a ƙashin wancan, ba tare da an yi musu komai ba. Wato ko yanzu da nake rubutun nan akwai 'yan kaɗan da suka fito daga ƙashina suna yawo, za su koma. Likita bai koya musu hanya ba. Ya dai samu hanyar a buɗe ya bi da su.

Har juya abin ake iya yi. CXCR4 ɗin nan, a 1996 aka gano cewa yana cikin ƙofofin da ƙwayar HIV ke bi ta shiga fararen ƙwayoyin jini. Aka samu wani magani mai toshe ƙofar, da aka gwada shi a jikin mutane sai aka ga fararen ƙwayoyi sun cika jini. Ashe ya kwance igiyar da ke riƙe ƙwayoyin tushe ne, suka fito. Maganin HIV bai yiwu ba, amma a 2008 Amurka ta amince da shi da sunan plerixafor don fito da ƙwayoyin tushe cikin jini a tace su da na'ura. Akwai kuma tsohuwar allura, G-CSF, da ake yi wa mai bayarwa kwana huɗu ko biyar don haka, sai dai ba a yi wa mai sikila ita, tana iya tayar masa da ciwo mai tsanani. Sabon maganin gyaran ƙwayar gado da aka amince da shi a ƙarshen 2023, Casgevy, wanda kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, shi ma a kan wannan tafiyar ya dogara: a fito da ƙwayoyin majinyacin, a gyara su a ɗakin bincike, a mayar ta jijiya, su nemi gida da kansu.

Amma sai gidan ya zama babu kowa. Wannan ne ɓangaren da masu zuwa barka ba su gani ba, kuma shi ne wahalar. Kafin ranar ledar, an shafe fiye da mako ana ba yaron magunguna masu ƙarfi irin na masu kansa, ciki har da busulfan, don a kashe ɓargonsa na haihuwa, gurabun su zama wayam, a kuma danne garkuwar jikinsa kada ta far wa baƙin. Abin mamaki, ɓargon da aka ji wa rauni haka yana ƙara fitar da SDF-1, wato kiran ma ƙaruwa yake yi. Ƙwayoyin ƙanwarsa sun isa cikin kwana biyu, amma isa daban, fara aiki daban. Sai sun zauna, sun rabu, 'ya'yansu sun rabu, jikokinsu sun girma, kafin a ga ko ɗaya a cikin jini. Mako biyu zuwa uku ke nan. A tsakanin nan yaro ba shi da garkuwa ko ta anini. Gashinsa ya zube, bakinsa ya yi gyambo har miyau ba ya iya haɗiyewa, zazzaɓi ya zo. Ɗaki ne mai tace iska, uwarsa kaɗai ke kwana da shi, da takunkumi. Ruwa sai dafaffe, abinci sai mai zafi daga wuta. Ya yi ta kukan fura da kilishi, ba hali. Ana ta ƙara masa jini da ƙwayoyin daskarar da jini, kowace leda sai an haska ta tukuna don kashe fararen ƙwayoyin da ke ciki.

Kullum da asuba agogonmu Yaya ke turo hoton takardar gwaji. Layi ɗaya kawai nake dubawa, na fararen ƙwayoyin da ake kira nutrofil. Sifiri, sifiri, sifiri. Ƙa'idar ita ce sai sun kai 500 a kowace mikrolita ta jini, kwana uku a jere, sannan a ce dashe ya kama. Cikin mako na uku aka ga 100, washegari ya ɗan ƙaru, ya sake ƙaruwa. Ranar da aka cika ukun, Inna ta sa aka dafa shinkafa aka kai wa almajirai.

Ga ra'ayina, kuma na san akwai likitocin da za su ce na sauƙaƙa abin da yawa. Ɓangaren da mutanenmu ke ɗauka shi ne abin al'ajabin da sai a ƙasar waje, wato kai ɓargo cikin ƙashi, ba a biyan ko kwabo a kansa. Jiki ke yin sa, a Delhi ko a Dange duk ɗaya. Abin da ya ci gonar Yaya da filinsa na Arkilla shi ne tsaron yaro na makonnin jiran nan da watannin da suka biyo baya: ɗakin gwajin da zai tabbatar ɓargon ya dace, bankin jinin da ba ya yankewa, wutar da ba ta ɗaukewa ko na minti ɗaya, magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu tsada, da nas-nas ɗin da ba sa gajiya da wanke hannu. Ba ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin ƙasar nan. An yi dashen a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin tun 2011, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, ga wani yaro ɗan shekara 7. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya sun fara nasu a 2024. Ƙasar da ake ƙiyasta tana haifar jarirai 150,000 masu sikila duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, ta cancanci cibiyoyi fiye da haka, kuma Arewa maso Yamma ta cancanci tata. Duk wanda ya taɓa zama a layin masu sikila a asibitin koyarwa na Danfodiyo lokacin hunturu ya ga mutanen Kabi da Zamfara, har da na ƙetaren Illela.

Ba kuma cewa nake kowa ya sayar da gona ba. Sai an samu wanda ya dace, kuma tsakanin shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewar kowane ɗaya kashi 25 ce cikin 100. Gidanmu cike yake da 'yan uba, amma da wuya ɗan uba ya dace gaba ɗaya. Ana yi da mai rabin dacewa yanzu, uwa ko uba, sai dai lissafinsa daban ne. Wani babban nazari da Eliane Gluckman ta jagoranta a 2017, kan masu sikila 1,000 da aka yi wa dashe daga shaƙiƙansu, ya nuna kashi 95 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara 16 suna raye bayan shekara biyar. Adadi ne mai kyau, amma biyar ɗin nan 'ya'yan wasu ne. Wani dashen ya ƙi kamawa, wani kuma sabuwar garkuwar ta juya ta far wa fata da hanji da hantar mai jikin. Mu shanyewar ɓarin jiki ce ta fara yi wa yaron barazana, shi ya sa Yaya ya yanke shawara. Yawancin yaranmu abin da zai riƙe su shi ne gidan sauro, maganin kariya daga maleriya, folik asid, haidroksiyuriya ga wanda likita ya rubuta wa, shan ruwa sosai a zafin nan namu na Afrilu, da rigar sanyi idan iskar hunturu ta taso.

Sanin wannan tafiyar ya kuma sa na daina yi wa wasu 'yan kasuwa kara. Akwai masu tallar wani garin magani a Facebook da WhatsApp, wai ƙwayoyin tushe ne na tsirrai, a zuba ƙarƙashin harshe, yana warkar da sikila. Wata malama a makarantarmu ta kawo mini shi cikin jaka, da kyakkyawar niyya. Na ce mata, Hajiya, ƙwayar ƙanwarsa ta jini, sai da aka gwada dacewarta, aka share mata wuri da maganin da ya kusa kashe shi, aka zuba ta da ranta cikin jijiya, duk da haka da yawa ba su isa ba. Garin tuffa da aka busar, ya bi ta ciki ya narke, da wace ƙugiya zai kama bangon jijiya? Ta mayar da shi jaka. Kuɗin kwali ɗaya ya isa sayen haidroksiyuriya na tsawon lokaci.

Yanzu jinin yaron na ƙanwarsa ne. Rukunin jininsa ya koma nata. Gwajin da ake yi masa lokaci-lokaci don a ga ko dashen na nan, ƙwayoyin gado na mace yake nunawa a jininsa, abin da yayyensa suka mayar abin tsokana. Ita AA ce, don haka takardar jinotayif ɗinsa ta yanzu AA take nunawa. A nan ne muka yi doguwar magana da Yaya, don ya ɗauka an rufe babin ke nan.

"Yaya," na ce, "ƙwayoyin nan ƙashi kaɗai suka je. Ba su je inda ake yin zuri'a ba."

Maniyyinsa, idan ya girma, daga ƙwayoyinsa na haihuwa zai fito, kuma su har gobe SS ne. Duk ɗan da zai haifa sai ya gaji S daga wajensa. Idan ya auri AA, 'ya'yan duka AS ne, lafiya lau. Idan ya auri AS, kowane ciki rabi da rabi ne, ko AS ko SS. Haɗarin shi ne ranar da za a je gwajin aure, ɗakin gwaji zai ba shi takardar AA da gaskiyarsa, liman ya gani, waliyyai su gani, kowa ya ce ai AA da AS ba matsala. Ga kuma busulfan, wanda kan taɓa haihuwa, abin da likitocin suka gaya wa Yaya tun kafin ya sa hannu, kuma sai yaron ya balaga za a duba. Na ce ya nemo tsohuwar takardar da ke nuna SS ya haɗa da takardun asibitin Indiya ya adana, ya kuma gaya wa yaron da bakinsa idan ya yi hankali, kada a bar shi ya ji daga baya.

Inna na gefe tana jin mu, ta ce yaron da ko firamare bai gama ba har an fara yi masa zancen aure. Yaya ya yi dariya ya ce ai ita ta fara, tun ranar suna take cewa ta yi masa kamu da ɗiyar Kawu ta Bodinga. An gwada yarinyar bara da za ta shiga makaranta. AS ce.